Taya ka fara nema: abin da za ka saya kafin ka gina 'yar motar soja a Kumasi

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ya san motar gwangwani: gwangwanin madara, waya, tayar da aka yanko daga tsohon silifa, a ɗaura igiya a ja. Aikin da nake magana a kai jikan wannan ne, sai dai shi ba a yin sa da ƙiyasin ido. Motar soja ta ɗaukar kaya ake ɗauka, a rage tsawonta da faɗinta da lissafi ɗaya, a gina ta tun daga shasi, sifirin, farfela, bodi da tamfol, har tirelar da take ja. Yawancin masu farawa fenti suke fara saye, su yanke shasi, sai daga baya su shiga kasuwar Kejetia neman taya. Nan aikin yake mutuwa. Taya ita ce abin da ya fi wuyar yi da reza da rula, don haka ita za ka fara nema, ita kuma za ta gaya maka girman motar da za ka gina.

Ga yadda lissafin yake. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a motocin soja shi ne 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun shekarun 1960. Ma'anarsa, milimita 1 a teburinka santimita 3.5 ne a motar gaske. Ɗauki GMC CCKW ta sojan Amurka, mai ɗaukar tan biyu da rabi, wadda aka ƙera sama da 500,000 tsakanin 1941 da 1945. Doguwar, wato CCKW-353, ta kusa mita 7, sai ta dawo kusan santimita 20 a 1/35, ƙasa da santimita 10 a 1/72, kusan 29 a 1/24. Tayarta mai lamba 7.50-20 tana da tsayin kimanin santimita 93, wato milimita 26 zuwa 27 ke nan a 1/35. To idan ka sami tayar motar wasan yara mai kyau a kasuwa, auna ta, ka raba milimita 930 da abin da ka samu. Ta ba ka milimita 39? Motarka 1/24 ce. Ta ba ka 31? Gina 1/30, babu wanda zai kama ka, sai dai ka sani 'yan sojojin roba da jarkoki da ake sayarwa a shirye na 1/35 ne, za su yi wa motarka ƙanƙanta kaɗan.

Ni dai ba na ba mai farawa shawarar 1/72. Kayan ba su da yawa, gaskiya ne, amma ganyen sifirin a wannan girman ya fi farce siriri, kuma ido yana gajiya. Daga 1/35 zuwa 1/24 hannu yake samun wurin aiki.

Yawan taya ma abin dubawa ne kafin ka zaɓi mota. CCKW tana taka ƙasa da taya 10, domin na baya biyu-biyu ne, ga ta ajiya, kuma tirelar tan ɗaya da ake kira Ben Hur tana amfani da taya iri ɗaya guda 2. Taya 13 ke nan masu kama ɗaya. Bedford QL ta sojan Ingila, wadda aka yi kimanin 52,000 a wancan yaƙin, taya 4 ce da ta ajiya, kuma sunan Bedford ba baƙo ba ne ga dattawanmu da suka hau masu bodin katako zuwa Tamale da Bawku. Ural-4320 ta Rasha taya 6 ce manya-manya, ɗaya-ɗaya. Idan aljihu ba nauyi, Bedford ta fi sauƙi. Amma CCKW tana da wata falala: daga baya an koma yi mata buɗaɗɗen kai mai rufin tamfol da bodin katako don a tsimi ƙarfe, kuma wannan nau'in kusan duk miƙaƙƙun layuka ne, babu lanƙwasar da za ta wahalar da kai. Ita ce kuma motar jerin gwanon Red Ball Express da ya yi ta kai wa sojoji mai da harsashi a Faransa daga Agusta zuwa Nuwamban 1944, wanda kusan kashi uku cikin huɗu na direbobinsa baƙaƙen fata ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye ta a kan teburinka.

Hanyar samun tayar uku ce, kuma ba ɗaya suke ba. Motar wasan yara ita ce mai arha, matsalarta zanen ƙafar tayar na motar tsere ne ko na tarakta, kuma sai ka sayi motoci uku ko huɗu iri ɗaya kafin adadin ya cika. Kada ka saya ɗaya yau ka ce za ka dawo gobe, kayan 'yan tebur ba sa jira. Hanya ta biyu, ka yi taya ɗaya mai kyau da hannunka, ka zuba mata silikon ta zama mazubi, ka riƙa zuba gam mai haɗi biyu kana fitar da 'yan'uwanta. Yana cin lokaci, amma mazubin naka ne har abada, kuma mota ta biyu kusan kyauta za ta zo. Ta uku, injin ɗab'i na 3D, mai fitar da abu sukutum da roba daga zanen kwamfuta. A kusa da jami'ar KNUST akwai matasa masu irin wannan injin. Ka tambaya ko nasu mai zuba ruwan resin ne ko mai narkar da zare, domin mai zaren yana barin layi-layi a jikin ƙaramar taya, sai ka kwana kana goge shi da samfefa. Don mota ɗaya, 3D na resin ya fi. Don wanda ya san zai daɗe a harkar, mazubi.

Sai abin da za a yi jikin motar da shi. Masu wannan aiki a Turai farantin robar sitairin suke amfani da shi, irin na Evergreen da Plastruct, kuma da dalili. Za ka ja wuƙa a kan rula sau biyu ko uku, ba sai ta huda ba, ka lanƙwasa, sai ya ɓalle tas a kan layin. Gam ɗinsa ruwa ne kamar turare, ka haɗa gefe biyu, ka taɓa da bakin buroshi, ya bi tsagar da kansa ya narkar da su su zama abu ɗaya. Amma in ka yi odarsa daga waje, kuɗin jirgi da na kwastan sukan fi kuɗin kayan. Irin wannan robar tana nan gida da wani suna: masu yin allon talla da masu ɗab'i na Asafo da Adum suna aiki da farantin da suke kira HIPS, kuma sau da yawa ragowar da suka yanke ta ishe ka mota biyu. Nemi kauri uku, milimita 0.5 na ƙofofi da murfin taya, 1 na bodi, 1.5 ko 2 na shasi. Kofin yogot da farantin cin abinci na yarwa masu lamba 6 a gindi su ma sitairin ne. Masu lamba 2 da 5, irin jarka da bokiti, ka bar su, babu gam ɗin da ke kama su da kyau.

A wurin masu allon tallan za a nuna maka wani farin faranti mai taushi mara nauyi, na PVC, wanda ake kira Forex. Yana yankuwa da sauƙi, yana da kyau ga babbar mota ta 1/24, amma gam ɗin sitairin ba ya cin sa, sai sufa gulu ko gam ɗin masu haɗa bututun ruwa, kuma gefensa yana shan fenti. Tsohon katin banki ma PVC ne, kaurinsa milimita 0.76, ya dace da ƙananan maƙalai.

Kwali kuwa, ɗaliban zanen gine-gine suna yin abin mamaki da shi, amma nasu na mako biyu ne, a duba a ba da maki. Daminar Kumasi ba ta raga wa kwali, shasin zai bauɗe kafin Satumba. Yi gwajin siffa da shi, kada ka gina da shi. Gwangwani na da amfani a wuri ɗaya: na lemo, wanda almakashi ke yankawa, yana ba da murfin taya mai lotsawa irin ta motar da ta sha hanya, abin da roba ba ta iyawa.

Inda muka fi Turawa sa'a shi ne katako. Itacen da ake kira wawa, wanda suke saye da tsada da sunan obeche, ragowarsa zube take a kasuwar katako ta Sokoban da shagon kowane kafinta. Ba shi da nauyi, ƙwayarsa ƙanana ce, ba ta fallasa cewa motar ƙarama ce. Roƙi kafinta ya tsaga maka shi siriri, milimita 1 zuwa 1.5, ka jera shi a gadon motar ɗaya bayan ɗaya da farin gam. Ka bar shi ya bushe a ɗaki kafin ka yanka, in ba haka ba hunturu zai buɗe maka tsaga tsakanin allunan. Wayar tagulla daga tsohon kebur ta isa bakan tamfol da bututun hayaƙi. Tamfol ɗin kansa takardar goge hannu ce: ka shimfiɗa ta a kan bakan, ka ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa, ta kwanta ta ɗan lotsa tsakanin baka da baka, ta bushe ta yi tauri. Atamfa ko kaki na gaske zarensu ya yi kauri a wannan girman.

Kuɗin da ka tsimi a faranti, zuba shi a kayan aiki. Rular ƙarfe, wuƙa mai bakin da ake ɓallewa, ƙaramar sukwaya, da kalifa, wato ma'auni mai baki biyu da ake auna kauri da shi, ko na roba ne. Shasi in ya karkace da rabin milimita, taya ɗaya za ta rataya a sama, kuma ido yana ganin wannan kafin ya ga komai. Injin fesa fenti ba na yanzu ba ne. Fentin ruwa na akirilik da buroshi mai laushi, shafi siriri sau da yawa, ya wadatar. Fentin gwangwani na fesawa yana da sauri, amma gwada shi a ragowar faranti tukuna. Fentin mota na Suame, unguwar kanikawa, da tinarsa suna cinye sitairin, su bar shi yamutse. Kada kuma ka yi fenti a tsakar gida ranar da ƙurar hunturu ta sauko. Ƙurar da kake so ita ce wadda za ka sa da kanka a ƙarshe, jar ƙasa da aka niƙa, a shafa ta da busasshen buroshi a ƙarƙashin bodi da cikin zanen taya.

Akwai kuma mai cewa me zai hana a sayi kwalin da aka riga aka zuba komai, Tamiya tana da CCKW a 1/35, IBG tana da Bedford QL, Zvezda tana da Ural. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje, sa shi ya riƙo maka ɗaya, ba don ka haɗa ka ajiye kawai ba: za ka ga yadda sifirin ke zama a kan aksul, kuma tayarsa za ta zama uwar mazubinka na gida. Zanen da awon CCKW suna cikin littafin sojan Amurka mai lamba TM 9-801, ana samunsa kyauta a intanet. Don ganin ƙarfen soja ido da ido, gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Kumasi ta 1897 a buɗe yake ga jama'a, kuma shasin kowace tsohuwar babbar mota a Suame Magazin zai koya maka inda farfela ke bi, in ka gaida mai garejin ka nemi izini. Ƙofar bariki kam, ko ta Uaddara ko ta Burma Camp a Accra, kada ka je da waya kana ɗaukar hoton mota.