Mai a-kori-kurar da ya kwashe mana kaya daga Naibawa zuwa Rijiyar Zaki

Masu tambayata yaya muka kaya da mai motar da ya kwashe mana kaya watan jiya, ga bayanin nan in faɗa sau ɗaya in huta. Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba tunda akwai inda zan ɗan taɓa shi, amma dai irin masu a-kori-kurar nan ne da suke jiran aiki a bakin titin Zariya wajen Naibawa a Kano, shi da yaransa masu dako. Kayan ciki da falo ne da kicin, mace ɗaya da yara.

Ni harkar tashi ba wanda zai koya min ita, a cikinta na girma. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Sharaɗa, da kamfanonin suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya aikinsa ya tafi, daga nan kuɗin haya ya zama abin faɗa kullum a gidanmu. Mun zauna Ja'en, mun zauna Ɗorayi, mun yi Sheka, mun yi Kurna, shekara na zagayowa mai gida zai aiko da notis. Da auren ya mutu Umma ta kwashe mu sai gidan kaka a Ƙofar Mazugal, aka yi biko muka koma, aka sake rabuwa, ta yi wani auren a Gama na zama agola a gidan mutane, duk wannan fa ban gama firamare ba, kafin ka gane waye mai ƙwallo a layinku an ce a ɗaure kaya.

Lokacin kura ake ɗaukowa, kaya a buɗe tsirara. Katifa da shatin fitsarin ƙannena, tukunya baƙa wuluk, tabarmar da ta zare, mata suna leƙe ta zaure yara suna bin kurar a baya. Shi ya sa Umma ba ta yarda a tashi da rana, sai bayan isha ko da duku-duku. Don haka tambayar farko da na yi wa mutumin nan a waya ba kuɗi ba ce, cewa na yi Malam kana da tampol? Ya ce Alhaji har biyu ma, da igiya.

Kuma ya cika alkawari a nan. Ana sallame asuba sai ga su, suka tsaya a ƙofa suka yi sallama sai da mai ɗakina ta sa hijabi ta ce su shigo, wannan kaɗai ya ƙara musu maki a wajena don akwai waɗanda za su faɗo maka gida kai tsaye. Babban yaron ya zo da sifana da sukudireba a aljihu, ya kwance gado da sif a nutse, notikan kowanne ya zuba a leda daban ya ƙulle ya ɗaure a jikin katakon da suka fito. Na tsaya ina kallonsa wallahi, don gadon Umma kowane tashi sai ya rasa noti ɗaya ko biyu, ƙarshenta a kan bulo ya ƙare rayuwarsa. Firij a tsaye suka ɗora shi suka tokare da katifa, direban ya ce Hajiya in an sauke kar a jona sai ya huta wasu awanni, wanda dama wutar ma ba a kawo ba ranar. Suka lulluɓe komai ruf, ko ƙafar kujera ba ka gani. Muka bi ta Dangi muka hau titin BUK muka ɓulle Kabuga kafin gari ya cika da adaidaita sahu, kafin ma 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci su fito, shi dama lissafinsa kenan tunda lodin ya ɗan yi tsini.

To yanzu inda muka saɓa. A waya dubu 40 muka yi, na lissafa masa kaya ɗaya bayan ɗaya har turmi. Sai da aka gama lodi aka ɗaure igiya sannan ya matso yana sosa ƙeya, wai Alhaji kayan nan sun fi yadda ka faɗa, ga mai ya yi tsada, a ƙara dubu 10. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa da wannan yake fakewa, kuma ba ƙarya ba ne man ya yi tsada, amma ai bai ƙara kuɗi tsakanin daren jiya da asubar yau ba. Kayanka na kan motar mutum ina kai ina ciniki? Na ba shi dubu 5. Muna isa kuma yaran suka ce na dako daban ne, abin da ba wanda ya faɗa min tun farko. Su ban ji haushin ba su ba don sun yi gumi, shi ne dai ya kamata ya fito da maganar a fili.

Sai madubin sif. Layin sabon gidan lungu ne mota ba ta shiga, a ka suka ƙarasa da kayan, a kwanar ƙofa madubin ya bugi gini ya tsage daga sama har ƙasa. Amsar da na samu ita ce tsautsayi ne Alhaji, Allah Ya kiyaye gaba. Ba rasit ba yarjejeniya, ba wanda za ka kama. Motar ma ta tsufa, ta mutu a Kabuga sai da yaran suka sauka suka tura.

Abu ɗaya da ya sa na kasa riƙe shi a zuciya: babbar 'yata tun dare take kuka ba za ta bar ƙawarta ta maƙota ba, ta ƙanƙame jakar makarantarta ta ƙi bari a ɗora. Ni a shekarunta tsawa ake daka min a fizge. Mutumin nan ya ce ƙyale ta Alhaji, taho 'yata ki zauna gaba ke ce kwandasta yau, ki riƙe jakarki da kanki. Har muka isa tana nuna masa hanya alhali ba ta san hanyar ba.

Wanda zai neme su, ko su ko irinsu, takardu kar ka sa su a lodi, takardar haihuwa da katin rigakafin yara da sakamakon makaranta duk ka riƙe a hannunka. Tawa takardar haihuwar a tsakanin Sheka da Kurna ta ɓata, sai da na girma na je kotu na yi rantsuwar shekaru. Ka sa mai motar ya zo ya ga kayan da idonsa kwana ɗaya kafin ranar, a yanke kuɗi har da na dako a gaban shaida, madubi da tangaran kuma ka naɗe su da bargo ka sa a adaidaita sahu daban. In aka yi haka zan sake kiransa, duk da dai hayar shekara na biya kuma ina roƙon Allah kar buƙatar ta taso da wuri.