Tantin roba mai sandar faiba: zai iya zangon 'yan sikawut a Jos?

Ƙungiyar sikawut ta Najeriya ta kafu tun 1915, kuma kwanan daji yana cikin ginshiƙan horonta. Ban da tantin tamfol mai nauyi, yanzu akwai ƙaramin tantin roba mai siffar kwando, wanda sanduna biyu na faiba (zaren gilas da aka haɗe da roba, mai lanƙwasuwa) ke gittawa a samansa. Ana samun sabo a shagunan Terminus da ke tsakiyar Jos, wani lokacin a dace da na gwanjo.

Yabonsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: yara biyu za su kafa shi cikin minti 10, yaro guda ya goya shi ya hau duwatsun Shere.

Amma kar malamin sikawut ya yarda da "mutum 4" da aka rubuta a jakar. In an saka jakunkuna da barguna, mutum uku ne. Rukunin yara takwas sai tanti uku.

Turakun da ke zuwa da shi siririyar waya ce. Ƙasar Jos tsakuwa da dutse ce, bugu biyu sun lanƙwashe. A kai wa mai walda rodi mai kauri milimita 8, ya yanka santimita 25-25, ya lanƙwasa kan. Kowane tanti a ba shi 12. A kafa turke a karkace, kansa na kallon waje, in ba haka ba iskar hunturu za ta tumɓuke shi.

Sandunan su ne babbar matsala. Suna tsagewa a bakin ƙarfen da ke haɗa gaɓa da gaɓa, kuma sau da yawa dalilin shi ne: yaro ya lanƙwasa sanda gaɓar ba ta shige sosai ba. Wajen kwancewa a tura sandar, kar a ja, don jan ne ke tsinka robar da ke cikin sandar, mai riƙe gaɓoɓin. Tsagaggen faiba yana soke hannu, a naɗe shi da salatif nan take.

Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, dare akwai sanyi. Tanti mai rufi ɗaya yana yin gumi daga numfashin yara, da asuba bargo ya jiƙe a ɗauka yoyo ne. Maganin shi ne a bar tagar raga a buɗe ko da ana sanyi. Da damina kuwa, ga ruwa ga ƙanƙara, kar ma a fita da shi. A nemi mai rufi biyu, a shimfiɗa leda a ƙasa, a cusa bakinta ƙarƙashin tantin don kar ta tara ruwa.

Ƙura na cinye zif, a riƙa goga masa kyandir. Wanda zai sayi na gwanjo ya kafa shi a gaban mai kaya, ya ɗaga rufin ga rana ya duba huji, ya shinshina: warin fumfuna alama ce an naɗe shi da danshi, kuma da wuya ya fita.