Kwas ɗin STCW da na yi a Legas: ranar ruwa ta biya ni, sauran kuma sai dai haƙuri

Tun da na dawo 'yan uwa ke ta kirana wai ya kwas ɗin yake, ya cancanci kuɗin ko a'a, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Kuɗin kam kun san shi ba sai na maimaita ba, makarantar kuma cikin waɗanda ejan-ejan ɗin nan ke tura yaranmu ce a Legas, ba zan kama suna ba. Ni shekara 4 ina Apapa wajen kawuna muna harkar lodin tirela, kullum ina kallon jiragen ruwa na shiga na fita, sai wani abokina da ke aiki a jirgin da ke kai kaya rijiyoyin mai daga tashar Onne yace min ko shara za ka yi a jirgi ko wanke-wanke a kicin babu kamfanin da zai kalle ka in ba ka da takardar STCW, wato shaidar horon kare rai ta ma'aikatan jirgin ruwa. Dokar duniya ce, hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta kafa ta tun 1978, aka gyara a 1995 aka sake gyarawa a Manila a 2010, a nan gida kuma NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ita ce ke tantance makarantun da ke koyarwa. Darasi 4 ne cikin kwana 5, tsira a ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da zama da mutane a jirgi, sai suka ƙara mana rabin yini na tsaro saboda 'yan fashin teku.

Gaskiya da raini na shiga darasin ruwan. Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogin Neja aka yanke min cibiya, kakana na wajen uwa basarke ne, ban kai shekara 7 ba nake faɗawa ruwa daga kan kwalekwale, mun sha yin tseren iyo lokacin Rigata, bikin wasannin ruwa na garinmu. To a raina nace wa zai koya min ruwa a cikin kwatamin da aka shafe da tayil? Sai ga malamin, wani dattijo siriri mutumin Kalaba, kowa na ce masa Baba Bosun, yace ya yi aiki da tsohon kamfanin jiragen ruwa na ƙasa NNSL har aka rushe shi a 1995. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan don yace ya taɓa zama a Kaduna yana yaro. Da ya tambaya wa ya iya iyo na riga kowa ɗaga hannu, ya kalle ni yace "Malam, kai ne zan fi sa wa ido yau." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Tsallen farko ban sha wahala ba. Ka sa laif jaket ka ɗaure igiyoyin tam, hannu ɗaya ya toshe hanci da baki, ɗayan ya haye ta sama ya danne rigar a kafaɗa don kada ta bugo maka haɓa, ka duba ƙasa ka tabbatar babu mutum sannan ka kalli gaba ka taka kamar mai sauka daga mota, ƙafa a haɗe. Wurin zai kai mita 3. Wasu sun tsaya a sama har minti biyar suna salati da addu'a iri-iri, Baba bai tura kowa ba, tsayawa yake kusa da kai yana magana a hankali har ka sauka da kanka. Wata mata da za ta yi aikin kuku a jirgi, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, tana kuka ta yi tsallen kuma ta yi shi daidai. Daga nan aka koya mana naɗe gwiwa a ƙirji don kada zafin jiki ya tsere, da yadda za mu rungumi juna mu yi zobe a saka mai rauni a tsakiya.

Sai aka zo kan raf, wato kwalekwalen robar nan mai rumfa da ke kumbura da kansa in an jefa shi a teku an fizgi igiyarsa. Wani lokaci yana kumbura ne a kife, dole mutum ɗaya ya juyo da shi. Baba ya nuna: ka je ta ɓangaren da silindar gas take, ka hau, ka taka silindar da ƙafa biyu, ka kama maɗaurin da ya ratsa gindin raf ɗin, ka jingina baya da dukkan nauyinka har ya tashi ya faɗo. Kuma kanka zai faɗo. Yace in ya rufe ka kada ka yi ƙoƙarin nutsewa, ka kwanta rigingine fuska sama, ka ɗaga hannu ka tura robar za ka samu iska, sannan ka bi maɗaurin ka fita da baya. Sau uku ya maimaita, na ji da kunnena.

Na hau, na ja, ya taso, ya faɗo kaina, duniya ta yi duhu. Wallahi duk abin da Baba ya faɗa ya bar kaina a take, jikina ya koma abin da ya saba tun yarinta, na kifa kai zan nutse in ɓullo ta gefe kamar yadda muke yi in kwalekwale ya kife a gida. To laif jaket ba ta barin mutum ya nutse, aikinta ke nan, ina tura kaina ƙasa tana mayar da ni sama tana manna ni da robar, ga obarol ya jiƙe ya yi nauyi, ga fuskata a cikin ruwa, na buɗe baki na sha, na sake sha, ina shure-shure ban san ina ne gefe ina ne tsakiya ba, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Sun ce min abin bai wuce daƙiƙa goma sha ba kafin yaron Baba da ke cikin ruwan yana jiran irin haka ya kamo ƙafata ya jawo ni. Ni dai na yi kalmar shahada a zuciyata a ƙarƙashin robar nan, wannan ba ƙari ba ne.

Abin da ya sa nake girmama dattijon nan, bai yi dariya ba kuma bai bari kowa ya yi ba. Ya tsuguna a bakin ruwa ina tari ina amai, ya dafa kafaɗata yace "Malam, waɗanda suka iya ruwa su na fi jin tsoro, don su jikinsu ke ba su umarni." Ya ba ni minti goma na huta yace koma. Nace Baba a bar ni zuwa gobe, yace in ka kwana da wannan tsoron gobe ba za ka shiga ba. Na koma. Karo na biyu na kwanta rigingine, na ɗaga hannu, sai ga iska nan tsakanin fuskata da robar, ɗan wuri kamar faɗin faranti amma ya ishe ka numfashi, na bi maɗaurin na fito lafiya. Ya sa na yi na uku ido a rufe. Bayan nan muka hau raf ɗin ɗaya bayan ɗaya ana jawo juna, shi ma hawan ba wasa ba ne da jiƙaƙƙen kaya, muka zauna ciki a matse yana nuna mana wuƙar yanke igiya, da maganin hana amai da ake sha nan take, da ƙa'idar cewa awa 24 na farko ba a shan ruwan ajiya sai mai rauni, ruwan teku kuwa ko kusa.

Daren nan ban yi barci ba, Warra nake tunawa. Watan Mayun 2021 jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Warra da mutum sama da 150, ya tarwatse a tsakiyar kogi, waɗanda aka ceto da rai ba su kai 30 ba. Mu na yankin mun san cewa cikin waɗanda suka rasu akwai mutanen da a ruwa suka tashi. Ni duk shekarun nan ina cewa ya aka yi wanda ya iya iyo ya nutse, sai ranar na gane, da kaya a jikinka da firgici da wani ya riƙe maka wuya iyawarka ba ta kai ka ko'ina. Allah Ya jiƙansu da rahama, da yaran Islamiyyar da jirgin ruwa ya kife da su suka rasu a Bagwai ƙarshen shekarar 2021 ɗin. Da a ce kwas ɗin ya ƙare a ranar nan tauraro biyar zan ba su in ƙara da addu'a.

To amma sai aka zo ranar wuta, nan ne raina ya ɓaci kuma har yanzu in na tuna yana ɓaci. Mu 30 da wani abu ne a ajin, na'urar numfashin da ake goyawa a baya guda 4 suka fito da ita, biyu babu iska a silindar wai mai cikawa bai zo ba. Wanda ya koyar ba Baba ba ne, wani matashi ne da rabin hankalinsa na kan waya. Ɗakin hayaƙin wata tsohuwar kwantena ce, ya kamata kowa ya shiga da abokinsa, hannu ɗaya a bango, kuna jan ƙafa kuna lalube har ku samo mutum-mutumin da aka ɓoye ku fito da shi, ku kuma ji yadda usur ɗin ke kaɗawa in iska ta kusa ƙarewa. Mutum 10 suka shiga iskar ta ƙare. Ni na samu shiga amma maskin da aka ba ni robarsa ta tsage ta gefen kunci, hayaƙi na shigo min ido na zuba, na faɗa masa yace in matse da hannu. In matse da hannu, da wane hannun zan riƙe bango? Sauran kuwa aka sa musu kaya suka goya silindar da babu komai aka ɗauke su hoto a ƙofar kwantenar, shi ke nan wai sun yi.

Abin kashe wutar ma haka, a allo an yi mana bayani mai kyau, kumfa ga wutar mai, na CO2 ga wutar lantarki, hoda ga kusan duka, kuma kada ka kuskura ka watsa ruwa a man da ya kama. Da aka fita fili tire ɗaya na dizal aka kunna, goran kumfa biyu, mutum shida suka fesa ya ƙare, mu sauran muka tsaya kallo kamar 'yan kallon dambe. Jama'a a teku babu motar kashe gobara da za ka kira, ku ne 'yan kwana-kwanan, in ɗakin inji ya kama wanda aka ɗauka hoto da silinda babu iska shi za a ce ya shiga ya ciro ɗan uwansa. Wannan ba cin kuɗi ba ne kawai, wasa da rai ne.

Taimakon gaggawa ba laifi, danna ƙirji 30 hura baki 2, kowa ya taɓa ɗan roban ko da yake guda ɗaya ne. Na kuma haddace ƙararrawar gaggawa, gajeren busa 7 dogo 1, ka ɗauki rigarka ka nufi wurin taruwa. Kuma in faɗi alheri, jarrabawa ta faɗo ranar Juma'a daidai lokacin masallaci, muka yi wa Baba magana ya je ofis da kansa aka ɗaga mana zuwa ƙarfe uku, mu biyar ne Musulmi. Allah Ya saka masa.

Sai maganar satifiket. Sun ce sati 2. Sati 7 na yi ina zirga-zirga, kun san abin da fita daga Apapa ke ci na lokaci da kuɗin mota, yau firinta ta lalace, gobe oga ya yi tafiya bai sa hannu ba, jibi ku dawo Litinin. A cikin wannan jiran abokina ya kira yace ana neman mutum biyu a jirginsu in turo takarduna, ga takardar lafiyata a hannu wadda ita ma shekara 2 kawai take yi tana ta cin kwanakinta, amma babu STCW, aka ba wani. Abin da ya ƙara ƙona min rai, ranar da na je karɓa na ga wani da ranar farko kawai ya zo aji, bai taɓa jiƙa ƙafarsa a ruwan nan ba, yana karɓar takarda iri ɗaya da tawa sak. Na kusa mutuwa a ƙarƙashin raf, shi yana gida, hatimi ɗaya. Kuma babu wanda ya gaya mana tun farko cewa wannan takardar ita kaɗai ba ta isa ba, sai ka nemi littafin ma'aikacin jirgi, dischaj buk, sannan wasu kamfanonin mai su ce sai ka ƙaro BOSIET, kwas ɗin kare rai na masu aiki a rijiyoyin mai na teku, shi ma da nasa kuɗin. Ejan ɗin ce min ya yi ana gamawa sai aiki.

To in kun tambaye ni tauraro nawa, jiya da na fara rubutun nan uku na yi niyya, yanzu da na tuno hoton ƙofar kwantenar nan biyu nake ji, kuma duka biyun na Baba Bosun ne. Wanda zai je, kafin ka biya ka je da ƙafarka ka duba sunansu cikin waɗanda NIMASA ta amince da su, kace a nuna maka na'urar numfashi ka duba agogon silindar da idonka, ka tambayi mutum nawa ne a aji, in sun haura 20 ka jira zagaye na gaba. Bayan shekara 5 dole a sabunta na ruwa da na wuta, ni kam na wutar ba a nan zan yi ba ko da zai kai ni Fatakwal.

Na sayi laif jaket biyu na aika wa ƙanin mahaifiyata da ke tuƙa jirgin fasinja a gida, ya kira yana cewa me zai yi da su shi da aka haifa a ruwa, nace Kawu ka dai ajiye, in na zo da sallah zan ba ka labari. Takardar kuma da na duba da kyau a mota sai na ga sun rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya da ya saɓa da na fasfo, na kira sun ce in kawo ta ranar Litinin a gyara, wai sati 2.