IDE ko SATA: Wace Waya Ce a Kwamfutarka?

IDE da SATA wayoyi ne da ke haɗa faifan ajiyar bayanai (hard disk) da babban allon kwamfuta. Wayar IDE faffaɗa ce kamar ɗamara, kanta na da ramuka 40, tana ɗaukar faifai biyu. Sunayenta ne ke rikita masu saye: IDE, ATA da PATA duk abu ɗaya ne. An ƙara mata PATA ne bayan fitowar SATA a 2003, don a bambance su. Filogin wutarta mai ƙafa 4 kuwa, Molex ake ce masa, sunan kamfani ne ya bi shi.

SATA siririya ce, ƙafa 7 a wayar bayanai, 15 a filogin wuta, kowane faifai da tasa wayar. Bakinta siffar L gare shi, ba ya shiga a juye. Ni ita nake zaɓa, ta fi sauri kuma ba ta tare iskar da ke sanyaya cikin kwamfuta. IDE kam sai in tsohon faifai za ka ceto.