BIS ko kiran sunan majiyyaci: wanne ya fi nuna zurfin barci bayan allurar baya?

Malama, tambayarki ita ce: idan an yi wa majiyyaci allurar kashin baya, aka ƙara masa propofol, maganin sa barci, don ya natsu, da na'urar BIS mai karanta lantarkin ƙwaƙwalwa za a dogara wajen gane zurfin barcinsa, ko da ma'aunin MOAA/S, wato ba shi maki bisa yadda yake amsa kira?

MOAA/S bakinki da hannunki kawai yake buƙata. Ki kira sunansa. Idan ya amsa nan take, 5 ke nan. A kasalance, 4. Sai kin ɗaga murya ko kin maimaita, 3. Sai kin girgiza kafaɗarsa, 2. Wanda allurar baya ta riga ta ɗauke masa zafin wuƙa, 3 zuwa 4 ya ishe shi. Illarsa ita ce kowane gwaji tashinsa ake yi, kuma tsakanin kira da kira ba ki san inda ya kai ba.

BIS kuwa manna ta ake yi a goshi, ta riƙa karanta lantarkin ƙwaƙwalwa ba katsewa, ta ba da lamba daga 0 zuwa 100. Cikakken barcin tiyata yana tsakanin 40 da 60. Sai dai lambar tana makara da 'yan daƙiƙoƙi, yamutsa goshi da na'urar ƙona jijiyoyin jini suna ɗaga ta. Ketamin, maganin barcin tiyata da muke yawan amfani da shi a asibitocinmu, yana barin lambar a sama alhali mutum ya yi nisa. Wannan na fi jin tsoro, don zai sa a ƙara magani. Ga abin mannawar sau ɗaya ake amfani da shi, da tsada.

Inda take da amfani shi ne tsofaffi da doguwar tiyata. A binciken jami'ar Johns Hopkins ta Amurka na 2010 kan tsofaffi masu karayar ƙugu, kashi 19 cikin ɗari ne suka rikice bayan tiyata idan an riƙe BIS a 80 zuwa sama, kashi 40 idan ta sauka wajen 50. Babban binciken 2018 bai samu wannan bambancin ba idan aka haɗa majiyyatan gaba ɗaya.

Ni dai kiran suna nake sa gaba, BIS ta zama mataimakiya in akwai. Ki rage propofol tun farko, domin allurar bayan kanta tana sa gyangyaɗi idan ta hau sama. Kuma dukkansu biyu ba sa duba numfashi: mai shaƙar oksijin yana iya daina numfashi na'urar yatsa mai auna oksijin a jini tana nuna 98, don haka idonki ya kasance a ƙirjinsa da ma'aunin iskar da yake fitarwa.