Tankin zoɓo da yogot: 304 ko 201?

Hajiya, kin tambaya wane irin sitenles (ƙarfe mai jure tsatsa) ya fi dacewa da tankin zoɓo da yogot, mai lamba 304 ko 201. Ki ɗauki 304 kawai, ko da kuɗin zai sa ki rage girman tankin.

Nawa 304 ne. Tun yara suna firamare nake jiƙa zoɓo a cikinsa, ga tsamiya ga lemon tsami, wani lokaci har ya kwana a ciki. Yanzu babbar ce ke riƙe mini da sana'ar, kuma har yau in an wanke shi sai kin ga fuskarki a jikinsa. Haɗinsa ne ya jawo haka: baƙin ƙarfe da kuromiyom kashi 18 cikin 100, da nikel kashi 8. Kuromiyom ɗin ne ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a bayan ƙarfen wadda ido ba ya gani, ita ke tare tsatsa, ko an karce ta sai ta sake rufewa da kanta. Nikel kuma ya ƙara masa jure tsami.

Shi 201 an rage masa nikel zuwa kashi 3.5 zuwa 5.5, aka cike gurbin da manganis don ya yi araha. Ba laifi a get ko ƙarfen bene, amma ban da abin sha mai tsami.

Akwai kuma sinadarin fosfaras a cikin ƙarfen, wanda masu sayarwa ba sa ma zancensa. Ƙa'idar 304 kada ya wuce kashi 0.045, ta 201 kuwa har 0.06. Kamar ba komai ba, amma in ya yi yawa yana sa wurin walda ya tsage, tanki kuwa duk jikinsa walda ce. Ki ce wa mai haɗa miki ya yi da wayar walda 308, ita ce ta 304.

Sannan ki yi hattara a kasuwa. Wasu buga tambarin 304 suke yi a jikin 201, su miƙo miki maganaɗisu wai ki gwada. Kada ya ruɗe ki, duka biyun ba ya kama su sosai. Wanda yake cafkewa 430 ne, marar nikel. Ki nemi ruwan gwajin sitenles a wurin masu kayan walda, ki ɗiga a jikin farantin ƙarfen kafin a yanka shi. In wurin ya yi ja, 201 ne, ki karɓi kuɗinki. Wanda ya hana ki ɗigawa, ki wuce shago na gaba.