Hattara da mai na'urar "gwajin jiki duka" da ke yawo a Bauchi

Salamu alaikum mutanen Bauchi, musamman 'yan uwana mata. Akwai wani mutum da ke bin gidajen biki da ƙofar Islamiyyun matan aure, sanye da farar rigar likitoci, yana ɗauke da kwamfuta da wani ƙarfe da zai ce ki damƙe na minti ɗaya. Daga nan sai ya karanto miki ciwonki, ya zaro maganin daga jaka. An gan shi a Yalwa, an gan shi wajen Wunti. Yayata ta faɗa hannunsa.

Shekara biyu Yaya tana fama da ciwon jiki daga wuya har ƙafa, ga kasala, ga barcin da ba ya wartsake gajiya, ga mantuwa. An yi gwaje-gwaje, aka ce ba a ga komai ba. A gida wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce son jiki ne kawai. To da mutumin nan ya dube ta ya ce, "Hajiya, na ga ciwonki, faibromayaljiya ne, wata uku za ki warke," kuka ta fashe da shi. Naira 5,000 kuɗin gwaji, 85,000 na gwangwani huɗu na ƙwayoyin ƙarin sinadari. Tunkiyarta ta sayar.

Shi faibromayaljiya, wato ciwon da ke game jiki ya daɗe tare da kasala, ciwon gaskiya ne, kuma ya fi kama mata. Ƙaryar tana wajen na'urar. Babu gwajin jini, babu hoton asibiti da ke nuna faibromayaljiya, balle ƙarfen da aka riƙe a hannu. Likita yana gane shi ne ta hanyar sauraron mai ciwo: ciwo ya game sassan jiki, ya kai aƙalla wata 3, sannan a duba jini a tabbatar ba matsalar maƙoƙo ba ce, ba ƙarancin jini ko na bitamin D ba, ba kumburin gaɓoɓi ba. Ko tsohuwar ƙa'idar likitocin gaɓoɓi na Amurka ta 1990, ta danna wurare 18 a jiki a ga ko 11 suna zafi, an sauya ta tun 2010. Kuma har yau babu maganin da ke raba mutum da shi gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi: tattaki kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, gyara barci, da magunguna irin su amitriptyline idan likita ya rubuta. Bitamin D yana da amfani ga wadda aka auna aka ga ba ta da isasshe, amma shan sa barkatai na iya taɓa ƙoda.

Abin da ya fi tayar min da hankali daban ne. Kwana uku da fara sha, Yaya ta miƙe har da shara da wanki, muka yi ta hamdala. Bayan wata biyu fuskarta ta kumbura suntum, sukarinta ya hau. Likitan da ya duba ta ya ce alamu sun nuna an cakuɗa ƙwayoyin da irin su dexamethasone, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi da zafin ciwo, kuma ya hana ta dainawa lokaci guda, sai a hankali, don yankewa farat ɗaya na da haɗari.

Gwangwanayen babu lambar NAFDAC. Ko da akwai ma, ku karanta jikin magungunan gargajiya masu lamba, za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Wayar mai na'urar a kashe take tun makon jiya. Wadda ke da irin gwangwanin nan a ɗaki tana sha, don Allah kada ta zubar, ta ɗauke shi yadda yake ta kai wa likita a Asibitin Koyarwa ko asibitin da ke kusa da ita, ta faɗi tun yaushe ta fara.